Ranar da Majami'a Ta Zo Ƙofar Kaka

A wani ƙauye can bayan dutse, Littafi Mai Tsarki ɗaya tak gare su. Duk wanda zai yi karatu ran Lahadi, shi ke tafiya da shi gida ya gwada.

Wani mako sai aka ba wata yarinya. Murna kamar ta tashi sama! Ta karanta wa awaki, ta karanta wa kaji, tana ta cewa, "Lahadi ni zan karanta!"

Ran Lahadi aka buga ƙarfen majami'a. Ta rungume littafin, ta sheƙa da gudu. Sai wata tsohuwa da ciwon ƙafa ya zaunar ta kira ta daga ƙofar ɗaki.

"Jikata, ina zuwa haka?"

"Kaka, yau ni zan karanta!"

"Wayyo, na yi kewar Maganar Allah. Ko aya ɗaya ce, karanta mini."

Aka sake buga ƙarfe. Yarinya ta dubi hanya, ta dubi tsohuwa. Sai ta zauna bisa turmi, ta buɗe littafi. Aya ɗaya ta zama biyu, biyu ta zama goma.

Can a majami'a kuwa an gaji da jira, sai Fasto da jama'a suka biyo sawu. Da yarinya ta hango su, sai ta miƙe.

Fasto ya ce, "Ci gaba, 'yata." Ya zauna a ƙasa, kowa ya zauna.

Tsohuwa ta rangaɗa guɗa. "Shekara uku ban taka majami'a ba, yau ga majami'a ta tako har ƙofar ɗakina!"