Karkataccen Bakin Bindigar Barmo

Ku matso kusa. Hansai, bar taunar gyaɗar nan, ba na son ƙara.

Kun san Sallau na bakin kasuwa, mai karkataccen wuya? To, ba haka aka haife shi ba.

Kakansa Barmo maharbi ne. Da ya rasu ya bar bindiga guda, irin ta da, mai wani ƙarfe kamar zobe a ƙarƙashi: ka ja shi ƙasa, ka mayar, harsashi ya hau. Bakinta ya ɗan karkace hagu. Barmo kaɗai ya san kanta. Wani in ya harba, sai dai ya tsorata ciyawa.

Sallau, wanda ko zomo bai taɓa kawowa gida ba, ya ce laifin bindiga ne. Ya kai ta maƙerar Baba Cindo.

"Cire ruɓaɓɓen bututun nan, a sa sabo. A kankare ƙotar, a buga mata ƙusoshin tagulla. Da sunana a jiki."

Baba Cindo ya daɗe yana leƙen cikin bututun.

"Ɗana, wannan ba tsufa ba ne. Ni na lanƙwasa shi, kakanka na tsaye a kaina."

"Ku dai tsofaffi, ko aiki kuka ɓata sai ku ce asiri ne."

Sati biyu aka gama. Ta fito tana ƙyalli kamar kwanon jere. Tsohon bututun kuwa, Sallau ya shure shi cikin bola.

Ranar Laraba, rana tsaka, ya nufi Rafin Marke shi kaɗai. Ba iska. Ba kukan tsuntsu. Barewa ɗaya na shan ruwa, da jan zare a wuyanta. Ba ta gudu ba. Ta ɗago ta dube shi kamar mai jiran wani.

Ya ja ƙarfen. Ya harba.

Ya duba, babu barewa. Mace ce tsaye, doguwa, da jan zaren nan a wuya. Zaninta bai kai ƙasa ba. Kofato.

"Ina Barmo?" ta ce. Bakinta na gabansa, amma muryar daga bayansa take fitowa.

"Ya... ya rasu."

Ta dubi bindigar da ke hannunsa.

"Duk kankarar da kuka yi, ƙanshin hannunsa bai bar ƙotar ba. Shi ya sa na tsaya. Ranar da ya fara ganina ya sa aka karkata bakin bindigar nan, don kada wani na jininsa ya same ni ko da kuskure. Kowace Laraba yakan zo, ya jingine ta can, mu zauna. Ko yatsana bai taɓa riƙewa ba." Ta kalli tagullar, ta taɓe baki. "Kai kuma kwalliya ka yi mata."

Ta buɗe tafinsa, ta sa masa abu. Harsashinsa ne, da ɗuminsa.

"Albarkacin Barmo ka tsira. Amma karkatar nan tawa ce. Tunda ka cire ta daga ƙarfe, kai za ka ɗauke ta."

Wannan karon muryar a kunnensa na hagu ta yi magana. Ya waiga. Wuyan bai dawo ba.

Kwana uku yana tonon bola kamar kaza, bai ga bututun ba. Mata masu itace sun ce sukan hango barewa kwance a bakin rafin, ta ɗora kai bisa wani dogon ƙarfe mai tsatsa.

Ita ba ruwanta da kowa. Amma ran Laraba, in rana ta take, kada wadda ta bi hanyar nan ita kaɗai. Har yanzu jira take, kuma ba ku take jira ba.