Marigayiya Hawa Ta Zo Karɓar Magani

A bakin tagar karɓar karne, wato katin asibiti, suka fara ganin juna, kuma ina wajen, a layi, ƙafata ta kumbura kamar kabewa. Jikata Najaha ce ke zaune gaban ordinatar, wato kwamfutar ƙaramin asibitin bayan tasha, ita ke nemo sunan mutum kafin ya ga likita. A lokacin na'urar ta zama jakin da aka yi wa kaya fiye da ƙarfinsa: a danna suna, a je a sha ruwa a dawo, bai fito ba.

Sai ga wani siririn saurayi ya sauka daga kabu-kabu da jaka a baya, wai daga Damagaram aka aiko shi gyara. Yunus. Ya yi sallama, ta amsa, ya nemi makullin ofis, ta miƙa masa karnena. Ni Hawa ban yi lakwal ba, amma wannan karatun na iya shi tun kafin a haifi uwarta.

Akwai Marwan, ɗan ƙanen mai asibitin. Mai tabarau ba ciwon ido, mai turare kamar an fasa kanti. Shekara biyu yana zagayen Najaha kamar ƙuda a bakin ƙwaryar fura. Shi shawararsa a rufe asibiti kwana uku, a juye komai a sake zubawa. Yunus ya ce a'a, mai naƙuda ba ta san an rufe ba.

Da na tambaye shi me yake ta ƙwaƙula, sai ya ce, "Kaka, in rumbu ya tsufa, ba a rushe shi gida na ci. Sai a gina sabo a gefe, a riƙa kwasa kaɗan-kaɗan. Duk damin da ya shigo a zuba nan, a zuba can. Ran da suka yi daidai, sai a juya ƙofa."

Na ce masa kar ya koya mini rumbu, a cikinsa na tsufa. Amma yaron ya burge ni.

Haka ya yi ta yi. Bayan azahar, in layi ya ragu, ya kwashi sunaye ɗari biyu ya kai sabuwar ma'ajiya. Kowace safiya kuma ya ɗauki kwafin komai ya ajiye gefe. Ba a mai da majinyaci ko ɗaya gida ba. Najaha ta sa masa suna Malam Sannu-sannu, shi kuma yana ce mata Tauraruwa. Saƙonninsu daga baya ta karanta mini, tana rufe fuska.

"Tauraruwa, yau na kwashi ɗari biyu. Sunanki na wuce sau uku ina duba shi, alhali babu kuskure a ciki."

"Malam Sannu-sannu, in haka kake neman aure, sai na yi furfura."

"Abin da ake so ya daɗe ba a gina shi da gudu. Amma Juma'a zan je gida in gaya wa baba."

To, ran Juma'ar da ya tafi, Marwan ya ga fili. Wai zai nuna wa yarinya shi ma gwani ne. Ya leƙa, ya ga sunaye suna maimaituwa, ya ce ai ga nauyin nan. Duk waɗanda sunansu ɗaya, na uba ɗaya, ranar haihuwa ɗaya, ya haɗe su mutum guda.

Wanda bai san garinsu ba! Mu da aka haifa a ɗaka, wa ya rubuta mana rana? Duk ɗaya ga Janairu aka ba mu a takarda, daga nan har Yauri. Hawa Aminu mu uku ne a asibitin nan. Ɗaya 'yar Dungu ce, ta rasu da damina, Allah ya jiƙanta. Ya tattara mu ya binne tare.

Asabar na zo karɓar maganin hawan jini. Najaha ta danna, ta sake dannawa. Marwan ya leƙo ta kafaɗarta, ya faɗa da ƙarfi a gaban mata sama da ashirin: "Iya, a nan an ce kin rasu. Aikin baƙonku ne." Aka yi dariya. Ya ce ba a fitar wa mamaci magani, doka ce.

Na dawo gida kaina na juyawa. Na sa aka kira mini ɗana Bawa, uban Najaha, da ke cirani a Kano. Na ce masa in ya ba wa Yunus 'yarsa, to ya ɗauka maganar na'ura gaskiya ce, ba shi da uwa. Bawa ya ce an gama. Najaha ta shige ɗaki, ta kife wayarta.

"Tauraruwa, kwana biyu shiru. Me na yi?"

"Ka kashe mini Kaka. Na ce ka yi a hankali, kai ma ka ce a hankali kake yi."

"Ban taɓa sunanta ba. Kar ki yarda da ni yanzu. Ki kawo ta Litinin, ki yarda da idonki."

Litinin na je, don in zagi Yunus. Na tarar da layi na tafiya yadda ya saba, shi kuma yana gefe da ƙaramar na'urarsa. Ya durƙusa ya gaishe ni, na ƙi amsawa, na ce matattu ba sa gaisuwa. Ya koma gaban na'urarsa. Ya buɗe kwafin safiyar Juma'a, ga mu nan mu uku, kowa da ciwonta. Ya tambayi ƙauyen da aka haife ni da sunan mahaifiyata, ya rubuta, ya ce daga yau da su za a riƙa bambanta mutane. Kafin in gyara zama, Najaha ta danna, sunana ya fito. Da rai.

Mutum arba'in da ɗaya Marwan ya cakuɗa. Har da wanda aka liƙa wa ciwon sukarin wani. Ɗaya bayan ɗaya Yunus ya warware su, taga a buɗe. Sannan ya nuna wa mai asibitin inda na'ura ke rubuta wanda ya shiga da lokacin da ya shiga. Juma'a, ƙarfe goma sha ɗaya, Marwan.

Wai kuskuren na'ura ne, in ji Marwan.

Na ce, "Na'ura ce ta sa maka tabarau? A bakin tagar nan ka kashe ni, a bakinta za ka tashe ni, da muryar da ka yi shela."

Ya sulale. Har yau bai zo ba, kuma ban yafe ba. Mai asibitin ya mai da shi ɗakin kwalaye, can ya dace da shi, kwali ba shi da ranar haihuwa.

Ran Laraba Yunus ya juya ƙofa zuwa sabuwar ma'ajiya, wata mai goyo na tsaye a taga, ba ta ma san an yi ba. Ni na kira Bawa da kaina, na ce na janye. Ya ce, Inna, ba ke kika ce ba? Na ce a lokacin ai ba ni da rai.

Bayan girbi aka ɗaura aure a ƙofar gidanmu a Matamaye. Angon ya zo gaishe ni, na ce in ya yi wasa ni zan tare a ɗakin, tunda shi ya dawo da ni duniya. Najaha ta ce, "Kaka, ki bari sai ya gama gina sabon rumbu."

Na cika kwano da alkaki da nakiya, na aika wa Marwan, na ce a gaya masa daga marigayiya.

Su kuwa, Allah ya ba su zaman da ba a rufe ƙofarsa ko yini guda, ya ba su 'ya'ya masu albarka. Kuma kowanne a rubuta ranarsa.