Hoton Ranar Buɗe Gada

A da, idan baƙo ya tambayi tarihin garin, ba wanda ke ɓata bakinsa, shagon mai hoto ake nuna masa. Bangon shagon daga sama har ƙasa hotuna ne. Ga ranar da aka tayar da injin niƙa na farko, ga ranar da famfo ya kawo ruwa mata suka jiƙe sharkaf, ga 'yan ƙwallon da suka taɓa ciyo kofi sau ɗaya tak, ga shugabannin 'yan kasuwa kowa ya hura hanci. Shekara talatin ba a yi taro babu shi ba. Tsaya-Haka ake kiransa, don kalmar da ta zauna a bakinsa ke nan, har matarsa takan ce ko sauro ya gani sai ya ce masa ya tsaya haka.

Sai waya ta shigo, kowa ya zama mai hoto. Ya koma wuni yana goge gilashin hotunan da ba mai kallo. 'Yarsa tilo, malamar firamare, ita ke ɗauke da gidan, abin kuma yana ci masa rai ko da yake ba ta taɓa gorantawa ba. Ranar buɗe sabon asibiti ba a gayyace shi ba, ya dai rataya kyamara ya je. Yana saita ta wata mata ta taɓa kafaɗarsa ta ce, "Baba, ɗan matsa, kana tare mana." Ya matsa. Ya dawo shago ya zauna, ya ji duk duniyar ta ishe shi.

Mai askin da ke maƙwabtaka da shi ne ya tsegunta masa labarin wani boka a bayan tsohon ramin fasa dutse. Da rana tsaka ya je, yana waiwaye.

Ɗakin ba taga, sai wata huda a rufi da hasken rana ke zubowa ta ciki. An lulluɓe bango da jan ƙyalle, an soke ƙahonni a jikinsa, wasu da gashi a maƙale. Akwai madubi, amma fuskarsa na kallon bango. A tsakiya wata baƙar tukunya ce cike da ruwa, ga ƙarnin tsohon jini da turare ya kasa dannewa. Bokan tsamurarren dattijo ne, bai ko amsa gaisuwa ba.

"Kai ne mai kama mutane ka ajiye a takarda," in ji shi. "Sana'armu ɗaya."

Mai hoto ya faɗi abin da ke tafe da shi, ya kuma gindaya sharaɗinsa tun da wuri. Ba zai ba da jini ba, matarsa da 'yarsa kuwa ko sunansu kada a ambata.

"Wa ya tambaye ka jini? Hoto ɗaya duk shekara. Ba takardar ba, fim ɗin da ka wanke ta daga jikinsa. Abin da ke ciki ya zama namu."

"Ni zan zaɓa?"

"Kai za ka zaɓa. Ba na ƙari, ba na ragi."

Ya fito yana ganin ya yi wa boka wayo. Gwangwanayen fim gare shi fal, kuma da yawa gine-gine ne zalla, ba mutum ko ɗaya.

Shekarar farko ya kai injin niƙa. Bokan ya ɗaga fim ɗin a haske, ya duba, ya sake shi cikin tukunya, ruwan ya haɗiye shi ba ƙara. Kafin mako ya zagayo injin ya ƙone ƙurmus. A watan kuma aka kira mai hoto aka damƙa masa kwangilar buga littattafan makarantun yankin duka, shi da ko injin ɗab'i ba shi da shi. Daga nan abu ya buɗe. Ya sayi injuna, ya sayi motocin dakon kaya, ya gina bene. Shekara ta biyu ya kai ɗakin taro, rufinsa ya rufta. Ta uku ya kai famfo, ruwa ya ɗauke. Duk sanda aka kafa gidauniyar gyara, shi ke fara miƙewa ya ba da gudummawa, a yi ta tafi. Har shugabancin ƙungiyar ci gaban gari aka ba shi. Mutumin da ke cinye garin ɗaya bayan ɗaya shi ake zaunarwa a kujerar gaba, ana ɗaukarsa hoto da waya. Matarsa dai ba ta saki jiki da benen ba. Takan ce arzikin nan ya yi gudu da yawa, shi kuma ya yi kamar bai ji ba.

A shekara ta huɗu bokan ya ce waɗanda ake ba wa hotunan sun gaji da bulo da kwano, fuska suke so. Duk da haka mai hoto bai ce ya fasa ba. Ya saba da benen.

Ya buɗe tsohon shagon, ya bi bango da kallo har ya tsaya a hoton ranar buɗe gada. Dattawa biyar ne suna yanka ƙyalle, kuma dukansu sun daɗe a ƙasa. Ya sauke hoton, ya bi shi da gilashin ƙara girma lungu-lungu, ya ƙirga ya sake ƙirgawa. Biyar. Ya yi ajiyar zuciya, ya zaro fim ɗin daga ambulan mai kwanan watan ya sa aljihu. Takardar ya duba, fim ɗin bai ɗaga shi a haske ba, abin da ko sabon shiga ba zai yi ba.

Bokan ya ɗaga shi, ya daɗe yana kallo.

"Bakwai," in ji shi.

"Biyar ne. Kuma duk sun rasu."

"Biyar sun rasu."

Nan take abin ya dawo masa. Ranar matarsa ta biyo shi kallo da jaririyarsu a hannu, ta tsaya a gefen gadar tana yi masa dariya. Da ya shiga ɗakin wankin hoto sai ya yanke gefen a takarda, don kada manya su ce ya cusa iyalinsa cikin hoton hukuma. Fim kuwa ba a taɓa shi ba. Ya kai hannu zai fizge, amma ruwan ya riga shi. Ya durƙusa yana roƙo, a karɓi benen, a karɓi motocin, a ɗauke shi a madadinsu.

"Kai ba ka ciki," in ji bokan. "Kana bayan kyamara."

Kwana uku bayan haka matarsa ta faɗi tana shanya, ko ciwon kai ba ta yi ba. Ba a daɗe da tashi daga zaman makoki ba aka zo kiransa daga makaranta. 'Yarsa na cikin rubutu a allo ta juyo ta fuskanci aji, ta tsaya. Alli a hannu, ido a buɗe, ɗan murmushi a baki. Tun daga ranar ba ta sake magana ba, inda aka ajiye ta nan za a same ta. Da damina ta yi ƙarfi gadar ta karye, motoci suka daina shigowa, kasuwa ta mutu. Injuna da bene duk suka tafi a neman magani, ba wanda ya yi.

Masu sha'awar arzikin dare ɗaya su ji da kyau. Duk mai zuwa wurin boka yana tafe ne da abin da ya rantse ba zai bayar ba, kuma shi ake karɓa. Kwaɗayi ke rufe masa ido har ya miƙa da hannunsa, yana ganin wayo yake yi.

Yanzu ya koma tsohon shagon, shi da ita. Ga tabon firam huɗu a bangon, don ya sauke duk abin da ya cinye. Kullum da safe yakan zaunar da ita kusa da ƙofa ta sha iska, ya ba ta abinci da cokali, ya goge mata baki. Masu wucewa sun daina kiransa Tsaya-Haka. Mai aski ya ce yakan jiyo shi ta bango, muryarsa a dushe, yana ta nanata abu ɗaya.

"Motsa mana, 'yata. Ko yatsa ne."