Rabin Magani Don Yalwa

A wani ƙauye kusa da garin Hajj Abdalla, inda gonakin auduga suka miƙe har iyakar ganin ido, akwai wata yarinya 'yar shekara goma sha uku. Tana aji shida a makarantar 'yan mata. Yarinya ce mai hannun kyauta. Ko dabino ɗaya aka ba ta, sai ta tsaga shi biyu.

Rabin nan kuwa kowa ya san na wace ce. Na Yalwa ne, ƙawarta, wadda katanga ɗaya ce ta raba gidajensu. Benci ɗaya suke zama a aji. In an kaɗa ƙararrawar fatur, wato karin kumallo, sai su zauna a gindin darbejiya su juye abincinsu a kwano ɗaya. A makarantar nan ba a cin fatur a ɓoye. Wadda ta yi haka, sunanta marowaciya har ƙarshen shekara.

A shekarar 1976 ƙuraje suka yi wa yarinyar nan sallama. Suka fara daga goshi, suka gangaro kumatu, suka zauna a haɓa. Wasu jajaye, wasu da farin baki, ga zafi. Inna ta kwaɓa mata garin hulba ta shafa, ba su tafi ba. Ta gwada man riɗi, sai ma suka kira 'yan uwansu.

Yarinya ta daina dariya. Ta riƙa jawo gyalenta har kan hanci. Ɗan madubin ɗakinsu ma ta kifa shi.

Babanta, Malam Alhasan, manomin auduga ne. Ba shi da yawan magana, amma yana da ido. Wata rana ya dawo daga gona ya dube ta, ya dubi madubin da ke kife.

"Ɗiyata," in ji shi, "gidan ga ya yi shiru da yawa. Gobe ki shirya da sahe, mu tahi Wad Madani wurin diktor."

Washegari suka hau bas. A asibiti likita ya ɗaga haɓarta, ya duba fuskar dama da hagu. Ya yi mata tambayoyi da yawa, sannan ya rubuta takarda. Baba ya karɓo maganin a kantin magani ya dawo da shi. Ɗan bututu ne irin na man goge baki, sai dai bai kai shi girma ba.

"Sunansa tiretinoyin," in ji likita. "Bai daɗe da zuwa ba, kuma yana da ƙarfi. Ki wanke fuska, ki bari ta bushe sarai. Ki matso kamar ƙwayar wake ɗaya, ki shafa ko'ina. Sai za ki kwanta barci kawai."

"Ƙwaya guda?" in ji Baba. "Diktor, ai ƙurajen ga sun hi mudun wake."

Likita ya yi dariya. "Guda ɗaya tak, Malam. Kuma shi da rana ba sa shiri, sai ta riƙa rufe kanta. Da farko fuska za ta bushe, ta yi saɓa. Ƙurajen ma za su ƙaru. Kada ku tsorata, haka yake fara aiki."

Sai ya juyo wajen yarinya. "Abu na ƙarshe, 'yata. Maganin nan naki ne ke kaɗai. Fuskarki na duba kafin in rubuta shi. Ban duba ta kowa ba."

Yarinya ta ce, "To." Amma hankalinta yana kan ɗan bututun, tana ta juya shi a hannu.

Yadda likita ya faɗa, haka aka yi. Sati na biyu fuska ta bushe tana saɓa. Sati na uku ƙuraje suka ƙaru, yarinya ta zauna ta sha kuka.

"Inna, maganin ga ƙara mini su yake yi!"

"Ma'alesh," in ji Inna, tana share mata hawaye da bakin zane. "Ba diktor ya gaya miki ba? Yi haƙuri, ki ci gaba."

Baba ya ba ta malafarsa saboda rana. Malafar ta yi mata girma ƙwarai. In ta ɗora ta, sai ka ce an rufe tulu da faifai. 'Yan aji suka yi ta dariya. Yalwa ce kaɗai ba ta yi ba. Ita ce ma mai riƙe mata malafar in iska ta taso.

Bayan wata biyu ƙuraje suka fara kwanciya. Goshi ya yi sumul. Yarinya ta ɗaga madubin da ta kifa, dariya ta dawo gidan Malam Alhasan.

Lokacin nan tsinkar auduga ta kusa ƙarewa, zafi ya fara shigowa. Ran wata Alhamis suna cin fatur, sai Yalwa ta shafa goshinta.

"Dubi nawa," ta ce. "Su ma sun hito. Ga su nan har wuya, sai ƙaiƙayi."

Wasu 'yan ƙananan ƙuraje ne birjik, kamar an watsa gero. Yalwa ba ta roƙi komai ba, don ba halinta ba ne. Ta dai dubi goshin ƙawarta, ta yi murmushi, ta ci gaba da cin abinci.

Abin ya tsaya wa yarinya a rai. Ga magani a gida, ga Yalwa da ƙuraje. Sai ta ji kamar wata biyu ke nan tana cin fatur a ɓoye. Maganar likita ta faɗo mata, amma ta ture ta. A ranta ta ce, ai likita bai san Yalwa ba.

Da la'asar ta samo wani ɗan gwangwanin man shafawa da ya ƙare. Ta matse rabin maganin a ciki. Ta taka turmi, ta miƙa wa Yalwa ta kan katanga.

"Ungo. Amma kada ki gaya ma kowa, Baba zai yi faɗa."

"Wallahi ba ni faɗi," in ji Yalwa, bakinta har kunne.

Daidai nan Inna ta ƙwala kira daga madafa. Yarinya ta diro daga turmi da gudu. Ba ta yi maganar ƙwayar wake ba. Ba ta yi maganar rana ba.

Ita kuwa Yalwa, ta ɗauka man shafawa ne kamar kowane. Ta lafta shi da yamma. Ta sake laftawa da safe. Ran Juma'a ba makaranta, sai ta bi innarta gona, suka yini tsinkar auduga a cikin rana. Da fuskar ta fara raɗaɗi, ta ce aiki yake yi, ta ƙara wani.

Ran Asabar wurin Yalwa a benci ya zama wayam. Da aka fita fatur, malamar ajinsu, Ustaza Talatu, ta kira yarinya.

"Ina rabin naki yau?" ta tambaya. Haka take tsokanarsu kullum.

"Ban sani ba, Ustaza."

"Innarta ta aiko. Wai fuskarta ta kumbura, ba su san dalili ba. Ku da ba ku rabuwa, ba ki san komai ba?"

Yarinya ta sunkuyar da kai. "A'a, Ustaza."

Ustaza ta daɗe tana kallonta. "To. Amma in kin tuna wani abu, ki faɗa da wuri. Idan ba a san abin da ya kawo ciwo ba, ana iya ba da maganin da zai ƙara shi."

Yarinya ta zauna a gindin darbejiya ita kaɗai. Ta buɗe kwano, ta rufe.

Ana tashi ta zarce gidan su Yalwa. Ta same ta kwance a kan gadon igiya a ƙarƙashin rumfa. Da ƙyar ta gane ta. Fuskar ta kumbura ta yi jajir. Fata tana ɗayewa a gefen hanci da baki, leɓe duk ya tsage. Tausayi da tsoro suka kama yarinya.

Innar Yalwa, Inna Kulu, tana durƙushe tana niƙa kanwa. Ga lemun tsami an yayyanka a gefe.

"Shigo, ɗiyata," in ji ta. "Kin ga ƙawarki? Na tambaye ta mi ta ci, mi ta shahwa, ta ce ba komi. Maƙwabciyarmu ta ce ƙazuwa ce, a goge ta da kanwa da lemu."

Yarinya ta dubi Yalwa. Yalwa ta ɗan girgiza kai, wato kada ki faɗa. Fuskarta tana ci kamar wuta, amma tana nan riƙe da alkawari.

Inna Kulu ta matse lemu a kan kanwar, ta dama. Ta tsoma tsumma a ciki. Yarinya ta taɓa yankewa a yatsa ruwan lemu ya shiga, ta san zafinsa. Yanzu ga fuska guda duk a ɗaye. In ta yi magana, Baba zai ji. In ta yi shiru, tsumman nan zai sauka a fuskar Yalwa.

Inna Kulu ta miƙa hannu.

"Inna Kulu, tsaya!" Yarinya ta riƙe mata hannu, ta fashe da kuka. "Ba ƙazuwa ba ce. Maganina ne. Ni na ba ta, kuma ni na ce kada ta faɗi."

Inna Kulu ta janye hannunta. Ta ajiye tsumman a hankali, ta ture kwanon gefe da ƙafa.

"Ya salam," ta ce. "Kawo gwangwanin in gani."

Yalwa ta zaro shi daga ƙarƙashin matashi. Saura ɗan kaɗan a gindi. Inna Kulu ta ɗebo ruwan sanyi a randa, ta riƙa yayyafa wa 'yarta a fuska. Sannan ta leƙa ta katanga ta kira innar yarinya.

Da Baba ya dawo daga gona aka gaya masa. Yarinya ta tsaya a bakin ƙofa tana jiran faɗa. Sai ya nuna mata tabarma kusa da shi.

"Mi diktor ya ce miki daga ƙarshe?"

"Ya ce nawa ne ni kaɗai."

"To mi ya sa kinka ba Yalwa?"

"Baba, ban so in zan marowaciya."

Baba ya numfasa. "Ɗiyata, hannun ga naki na kyauta, ba wanda ya kai ni son shi. Amma magani ba dabino ba ne. Kin so ki yi mata alheri, kin ja mata ciwo. Kuma kin ɗora mata ɓoyo, ta kwana da wuta ga huska ba ta faɗi ba. Gobe za mu kai ta asibiti. Ke za ki yi ma diktor bayani da bakinki."

Haka aka yi. A gaban likita yarinya ta faɗi komai, ba ta rage ba. Likita ya duba Yalwa sosai.

"Naki ƙurajen zufa ne," ya ce mata. "Ba irin na ƙawarki ba ne, maganinsu ma daban. Za ki warke. Ki zauna a inuwa, ki riƙa wanke fuska da ruwan sanyi." Ya rubuta mata wani mai mai laushi, da hodar da za ta riƙa barbaɗawa a wuya in fatar ta warke.

Da ya ji labarin kanwa da lemu, sai ya ajiye alƙalami. Ya dubi yarinya.

"Kin yi kuskure babba. Amma da kin yi shiru jiya, da wataƙila an bar mata tabo. Gara da kika yi magana."

Kwana goma Yalwa ta yi a gida. Kullum da sassafe yarinya takan shiga ta yi mata shararta, ta wanke kwanuka. In an tashi daga makaranta, ta zauna a bakin gadon igiya ta karanta mata darasin ranar. Ta kuma je wajen Ustaza Talatu ta ce, "Ustaza, ran nan ƙarya na yi miki. Ki yafe mini."

"Na yafe," in ji Ustaza. "Mi kika koya?"

"Maganin da likita ya rubuta wa mutum, nasa ne shi kaɗai, ba a ba wani ko da ƙawa ce. Kuma in na yi kuskure, in faɗa da wuri."

"Kwayyis, ya yi kyau. Ki riƙe wannan."

Ran da Yalwa ta dawo makaranta, fuskarta ta warke tas, babu ko tabo. Aka kaɗa ƙararrawar fatur, suka zauna a gindin darbejiya. Yalwa ta zaro gwangwanin hodarta daga jaka, ta yi fuskar gaske.

"Hodar ga tana da kyau," ta ce. "In zuba miki rabi?"

"A'a!" in ji yarinya, har malafar Baba ta faɗo daga kanta. "Riƙe abinki!"

Suka yi ta dariya har da hawaye. Sannan yarinya ta laluba aljihu ta fito da dabino ɗaya. Ta tsaga shi biyu, ta miƙa wa Yalwa rabin da ya fi girma.