Wanda Bai Yi Dariya Ba

Ranar da sabuwar likita ta fara bin zagayen duba majinyata, Farfesa ya fizge fayil daga hannunta.

"Wane jakin ne ya koyar da ke?"

Dariya ta ɓarke. Al'adar sashen ke nan: in Farfesa ya yi zagi, kowa ya washe baki, musamman Ɗan Jaka, babban mataimakinsa, mai rungume masa jaka kamar an ba shi raino. Mutum ɗaya ne bai dara ba, wani dogon likita mai neman ƙwarewa. Ta ɗago ido jiƙe da hawaye, suka kalli juna.

Da yamma saƙo ya shigo wayarta: "Bayaninki daidai ne. Rabu da tumakin nan. Dogo."

"Tumakin har da kai?"

"Ni naki ne, Ƙanwata, ki yi kiwona."

Soyayya ta kankama. Sai labari ya fasu: ashe sabuwar likitar autar Farfesa ce. Nan take Ɗan Jaka, wanda ya fi kowa ƙyaƙyatawa ranar, ya fara wanka da turare yana tare ta a baranda.

"Dogon nan tun farko ya san 'yar wa ce ke," ya raɗa mata. "Sa hannun Babanki yake nema ya gama karatu."

Ta daina ɗaga wayar Dogo. A gida kuma Farfesa ya ja tsaki. "Wannan mai ɗaure mini fuska? Ba 'yata, ba sa hannuna."

Dogo ya turo: "Auta, ya riƙe sa hannunsa har abada. Ke nake so."

Ta karanta, ta yi banza da shi.

Wata safiya ana tsakiyar zagaye, Farfesa ya dafe ƙirji ya zube. Ɗakin fal likitoci, amma duk suka sandare. An horar da su kar su taɓa majinyaci sai da umarni, ga mai umarnin a ƙasa.

"Ranka ya daɗe, me za mu yi?" in ji Ɗan Jaka, yana ƙanƙame jaka.

Dogo ya hankaɗe shi, ya durƙusa yana danna ƙirjin. "Sista, na'urar farfaɗo da zuciya! Auta, ba shi iska, bar kukan! Kai kuma ajiye jakar nan ka kira ɗakin gaggawa!"

Da Farfesa ya farfaɗo, ya yamutsa fuska. "Wa ya karya mini haƙarƙari?"

"Dogo ne, Baba. Wanda ka hana sa hannu."

"Sauran fa?"

"Umarninka suke jira."

Ya kamo hannunta. "Ki ce wa Dogo ya turo magabatansa."

A waje ta tsaya gaban Dogo, kai a sunkuye. "Na zarge ka, Masoyi."

"Na yafe, amma sai kin biya da kiwo."

Ranar ɗaurin aure, Ɗan Jaka ne ya yi dakon akwatunan amarya, ba wanda ya sa shi. Farfesa ya dafa kawunan ango da amarya. "Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zaman lafiya."

A ranar aka fara ganin haƙoran Dogo.