Baffan Aro

Ranar da Turai ta fara ganin Ɗanjuma ana ruwa a Manchester, irin yayyafin nan da ba ya ƙarfi kuma ba ya ɗaukewa, sai dai ya jiƙa mutum ya bar shi da haushi. Yana tsaye a unguwar Rusholme, a bakin titin Wilmslow, gaban wani ɗan teburi mai fulas ɗin shayi biyu da tarin takardun bishara. Rigar sanyin da aka ara masa ta yi masa yawa har ta rufe yatsunsa.

Kwanansa tara ke nan a ƙasar. Ikilisiyarsu ta Malumfashi ce ta turo shi cikin wata ƙungiyar matasa, su yi sati shida suna ba ɗaliban jami'a labarin Yesu. A gida in ka kafa teburin shayi, kafin ka ƙifta ido benci ya cika. A nan kuwa kowa ya toshe kunne da waya, ya yi maka murmushin yaƙe ya wuce.

Turai ta taso daga asibitin da take koyon aikin jinya, ƙafafunta na zogi, sai ta ji wani yana gunaguni da Hausa.

"Ya Ubangiji, ko mutum ɗaya. Ko don kada shayin nan ya huce."

Ta ja ta tsaya.

"To ga mutum ɗaya. Sai dai an riga ka, tun ina shekara goma sha biyu aka yi mini baftisma."

Saura kaɗan kofin ya suɓuce masa.

"Ke Bahaushiya ce?"

"Iyayena dai. Ni a Birmingham aka haife ni, so kada ka yi wa Hausata dariya."

Hausar tata kuwa tana ɗan ɗingishi, amma a kunnen Ɗanjuma ranar babu mai zaƙin bakinta. Ya zuba mata shayi, ya cika sukari kamar ba a san ciwonsa ba. Ta shanye tas, ita da rabonta da sukari tun bara.

Teburin yana da baƙo ɗaya da ba ya fashi. Malam Halliru ne, Musulmi ɗan Funtuwa, mai shekara hamsin da ɗoriya, yana digiri na uku a kan ƙasar noma. Kullum bayan la'asar zai zo ya sha kofi biyu, ya yi musu da Ɗanjuma har jijiyar wuya ta tashi, su rabu suna dariya. Kullum kuma sai Ɗanjuma ya miƙa masa takarda.

"Ajiye takardarka, ɗana. Ni da addinina mun daɗe tare. Ƙaro mini madara."

Turai ta mai da hanyar nan tata, duk da cewa gidan da take haya a Levenshulme ba ta nan ake binsa ba. Shi yana kiranta Amsata, wai ita ce amsar addu'arsa ta ranar. Ita kuma Mai Shayi.

"Mai Shayi, yau mutum nawa suka tsaya?" ta rubuta masa wata rana.

"Uku. Ɗaya hanya ya tambaya, ɗaya ya fake wa ruwa, ɗaya Malam Halliru ne. Na gaji, Amsata. Wani lokaci ina jin kamar na zo ne in yi wa iska wa'azi."

"Ni ma yau awa goma sha biyu ina tsaye. Ka huta. Mai shuka ba ya tone ƙasa kullum don ya ga ko ta tsiro."

Ba a rasa ƙura ba. Wata yamma Turai tana saman bas ta hango Bethany, Baturiyar da ke yi wa ƙungiyar jagora, ta rungume Ɗanjuma a bakin titi. Kwana uku ba ta bi ta Rusholme ba, saƙonninsa kuma ta bar su a rufe. A rana ta huɗu ta zo da niyyar wucewa kawai, fuska a ɗaure. Malam Halliru ya tare ta da kofi a hannu.

"'Yata, in don rungumar nan ce, ina wurin. Yarinyar nan har direban bas za ta runguma in ya tsaya mata. Shi kuwa wannan, sandarewa ya yi kamar an dasa turke. Ni ma na sha da ƙyar."

Dariya ta ƙwace mata, ta kuma ji kunya ƙwarai. Daga nan fushi ya kwanta.

A sati na huɗu ta gaya wa mahaifinta suna son su yi aure, shi kuma ya ce a kawo masa yaron. Ranar Asabar suka hau mota zuwa Birmingham, Ɗanjuma ya yi ta goge tafin hannu a wando har suka isa unguwar Aston.

Mahaifin nata, Dattijo Istifanus, injiniya ne, kuma dattijon wata ƙaramar zumuntar Kirista da ke sujada da Hausa. Ba mugu ba ne, maciji ne ya taɓa sararsa. Shekara huɗu da suka wuce ya sa hannu a takardar gayyatar wasu samari biyu da suka zo bishara. Ranar komawa aka neme su aka rasa, shi aka bari da amsa tambayoyi da jin kunya.

Ɗanjuma ya durƙusa har ƙasa ya gaishe shi. Dattijo ya bar shi a durƙushe.

"Wa ya san ka?"

"Baba, mahaifina ya rasu. Amma faston da muka zo tare..."

"Waɗancan ma da fastonsu suka zo."

"Akwai baffana a gida, zan iya kiransa a waya."

"Murya a waya kowa na iya arowa. Mu a wurinmu yaro ba ya zuwa neman aure da bakinsa, ko a Ingila ne. Kawo mini babban mutum, wanda zan ga idonsa, wanda ya san gidanku, wanda in ka ɓace zan san ƙofar da zan buga. In babu, ka yi bishararka ka tafi lafiya."

"Daddy, that's not fair," in ji Turai daga bakin ƙofa.

"Ke, shiga ciki."

Suka kama hanyar komawa Manchester. Ita ta jingina kai da gilashi tana hawaye, shi yana kallon gonakin da ba nasa ba. Kwana goma sha biyu suka rage masa, kuma duk faɗin ƙasar nan ba shi da wanda ya san ko sunan kakansa.

Ranar Litinin Malam Halliru ya zo da sabon musu a baki, ya tarar babu abokin yi.

"Yau kuma lafiya? Ko takardar ma ba za a miƙo mini in ƙi ba?"

Ɗanjuma ya kwashe komai ya gaya masa. Malam ya kurɓi shayi, ya tambayi sunan mahaifinsa da na ƙauyensu, ya ajiye kofi ya tafi. Kwana uku ba a gan shi ba. Ɗanjuma ya ce a ransa, shi ke nan, baƙon ɗaya ma ya gudu.

Ranar Juma'a sai ga shi.

"Na kira ƙanin matata da ke sayar da taki a Malumfashi, ya hau babur har ƙauyenku. An ce kai ɗan Bulus mai gyaran famfo ne, wanda in famfon masallaci ya lalace ba ya jira a kira shi. Na yi magana da baffanka Yakubu, ya ce in tsaya a madadinsa. Gobe ka goge takalminka."

Ɗanjuma ya kama hannun Malam da hannu biyu yana godiya.

Washegari Malam Halliru ya shiga falon Dattijo da babbar riga a ƙarƙashin rigar ruwa, da ƙullin goro da sai da ya zaga shago huɗu kafin ya samu. Aka yi gaisuwa mai tsawo, ta mutanen da suka yi kewar irinta. Sannan Dattijo ya dube shi da kyau.

"Malam, ka yi haƙuri. Kai Musulmi ne. Me ya haɗa ka da ɗan bishara?"

"Shayi da musu. Sati biyar yana miƙo mini takarda ina ƙi, kuma ba zan karɓa ba. Ko sau ɗaya bai canza mini fuska ba, bai rage mini sukari ba, bai taɓa zagin abin da nake bautawa ba. Na ga ranar da ruwa ya yi masa duka babu wanda ya tsaya, washegari ya dawo. Wanda ke cika alkawarin tsayuwa a titi ba don ana kallonsa ba, ba shi ne zai gudu ranar jirgi ba. Na binciki gidansu, ga lambar baffansa, ga ta dagacinsu. Ga kuma adireshina a Levenshulme. In ya ɓace, ƙofata za ka buga."

Turai tana bayan ƙofar kicin, ta damƙe hannun mahaifiyarta har sai da ta ce wash.

Dattijo ya daɗe yana kallon goron. Can ya miƙa hannu ya ɗauki ɗaya, ya ɓare, ya ba Malam rabi.

"Ya koma ranar da aka rubuta masa. In ya sauka, ya kira ni daga gidan baffansa. Sauran magana tsakaninmu ce, mu manya."

Ya koma kuwa. Wata goma sha ɗaya suka yi ana cike takardu, ana jira, waya na yankewa a tsakiyar magana. Akwai ranakun da gajiya ta sa saƙon ba ya wuce layi ɗaya.

"Ina nan, Mai Shayi."

"Ni ma ina nan, Amsata."

Da bizar aure ta fito ya dawo, ƙafarsa ta farko gidan Malam Halliru. Ya durƙusa ya miƙa masa katin biki. Malam ya noƙe hannu bisa sabo, sannan ya gane, ya fashe da dariya har da hawaye.

"Kai, yaron nan! Sai da ka san yadda ka yi na karɓi takarda a hannunka."

An ɗaura auren a wata ƙaramar majami'a a Aston, ana yayyafi kamar kullum. Malam Halliru bai shiga ba, ya jira a zauren liyafa, ya hana kowa taɓa fulas ɗin shayi. Da aka fito, Dattijo Istifanus ya kama hannun Turai, ya wuce ango, ya kai ta gaban Malam.

"Ga 'yarka. A hannunka na ba da ita."

Malam Halliru ya dubi yaran biyu, idonsa ya cika.

"Allah ya ba ku zaman lafiya, ya kawo zuri'a mai albarka. Allah ya sa in kun gaji, ku gaji tare."

Duk zauren ya amsa da amin, babu wanda ya tsaya tambayar bakin wa ta fito.