Hular Da Ta Faɗa Tekun Langkawi

A cikin jirgin ruwa suka haɗu, a tsibirin Langkawi, lokacin Sakinatu ta shekara biyu tana karatun digiri na uku a Kuala Lumpur ba ta da ƙawar kirki ko ɗaya. Daga ɗakinta na Sentul sai jami'a a Jalan Semarak, ta sayo shinkafa a leda ta koma ta ci ita kaɗai. Wannan yawon buɗe idon ma da ƙyar ta sa sunanta. Kowa ya zo da nasa, ita kuwa sai jaka a cinya.

Jirgin na ratsawa tsakanin koren duwatsu da itatuwan da saiwoyinsu ke tsaye cikin ruwan gishiri, jajayen shahuna na shawagi a sama. Abdulbaƙi, wani ɗan Kano mai shirya wa ɗalibai irin wannan tafiya, ya lura kowa na ɗaukar hoto ban da ita.

"Hajiya, ba za a ɗauke ki ba ne? View ɗin nan free ne lah."

"Wa zan tura wa?" Maganar ta suɓuce mata, kunya ta kama ta.

Ya ce, "Ki turo min. Shekarata shida ina ɗaukar mutane hoto a nan, ba wanda ya taɓa cewa in shigo ciki."

Tun daga ranar wayarta ta daina zaman makoki.

"'Yar Tsibiri, kin yi makan kuwa, wato kin ci abinci? Ko yau ma ke da kwamfutar ce?"

"Na ci, Jagorana. Amma cokali ɗaya ne a teburin."

"Ki yi haƙuri, na biyun na hanya in sha Allah."

Sai dai da maganar aurensu ta isa Gumel, mahaifinta Malam Datti, tsohon hedimasta, ya ce sam.

"Ɗan Malaysia? Ba ɗalibi ba, ba ma'aikaci ba? Muna jin labarin irinsu. Aure da bincike ake yi, Sakinatu. A nan liman zan tambaya da maƙwabta. A can wa zan tambaya, kifi?"

Ta san halin Baba, in ya kafe ya kafe. Bizarta kuma za ta ƙare bayan bikin yaye ɗalibai, ta koma gida, shi ke nan. Ta daina amsa saƙonni don kada ta ƙara wa kanta ciwo, kaɗaicin ya dawo ya fi na da zafi.

Da Malam Datti ya zo bikin, sai ya ce ta sa shi cikin jerin iyayen da za a kai tsibirin. "Zan ga yaron da idona. Kika gaya masa ko ni wane ne, magana ta mutu."

Haka ya shiga jirgin da babbar rigarsa da hularsa zanna, mutumin da ko kwalekwalen Haɗeja bai taɓa hawa ba. Sakinatu ta zauna can baya cikin mata. Abdulbaƙi ya gaishe ta a sanyaye, ya wuce ya taimaka wa dattijon da bai sani ba ɗaura rigar kariya.

Direba ya ƙara wuta. Iska ta fizge hular Malam Datti ta jefa ta teku, sanƙo ya bayyana. Samari suka tuntsire da dariya, wani har ya ɗaga waya. Sakinatu ta ji kamar ta nutse. Tunda take ba ta taɓa ganin mahaifinta kai babu hula a gaban mutane ba.

Abdulbaƙi ya shiga tsakanin dattijon da wayar.

"Haba guys, ba ku da iyaye ne?"

Ya cire tasa hular, ya durƙusa, ya miƙa da hannu biyu. "Baba, a yi haƙuri da wannan."

Ranar Abdulbaƙi ya wuni rana na gasa masa kai, daga kogon jemagu har farin yashin bakin teku. Malam Datti na lura da shi. Sai da za a koma ya kira shi gefe.

"Yaro, kai ɗan wane gida ne? Ni ne mahaifin Sakinatu."

Abdulbaƙi ya durƙushe a kan yashi.

Ranar Juma'a, bayan an yi waya da iyayensa a Kano, aka ɗaura aure a unguwar Masjid India, 'yan Najeriya suka cika wajen. Malam Datti na sanye da hular nan, ko da yake ta yi masa kaɗan.

"Wannan kam ba za ta dawo ba," ya ce wa angon. "Wanda ya rufa min kai bai san ni ba, zai rufa wa 'yata asiri. Allah ya yi muku albarka, ya sa ku ga jikoki."

Sakinatu ta ce amin tana share hawaye. Wayarta ta yi ƙara.

"'Yar Tsibiri, ki fito da cokali na biyun."